Kafin Ku Ɗauki Kula Zuwa Ƙarƙashin Gada: Jagorar Aikin Sa-kai Don Masu Kwana a Waje

Da zarar hunturu ya kankama, ko azumi ya ƙarato, sai ka ga samari da 'yan mata sun yi karo-karo, an dafa shinkafa da wake, an ƙulla a leda, an cika bayan mota an nufi ƙarƙashin gada. Niyyar ba ta da abin kushewa. Abin da ke damuna shi ne kurakuran ba sa canzawa: a je ba a yi wa kowa sallama ba, masu ƙarfin damtse su wawashe, a ɗauki hoto, a ce "za mu dawo", shi ke nan sai baɗi. Na jima ina wannan aiki a Kano, kuma abin da zan kawo a nan shi ne abin da muke faɗa wa sababbin shiga, don kada kowa ya zo ya koyi aiki a kan bayin Allah.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko. A gari irin namu da ba a rasa mai sadaka, abinci ba shi ne abin da ya fi yi wa mai kwana a waje wuya ba. Abin da yake nema ya rasa shi ne inda zai yi wanka, inda zai ajiye ƙullin kayansa ba a sace ba, wanda zai raka shi asibiti, wanda zai tsaya masa a gaban mai gida ko mai ba da aiki, da kuɗin motar da za ta kai shi garinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke samuwa a dare ɗaya. Sai a hannun wanda ya san mutum da sunansa, yana kuma komawa wurinsa.

Su wa ke kwana a waje?

Kada ku yi musu kuɗin goro. Akwai 'yan ci-rani, masu ga-ruwa da 'yan dako da masu turin baro, waɗanda ke da gida da iyali a ƙauye, suna kwana a barandar shago ne don kuɗin haya kada ya cinye abin da za su aika. Akwai waɗanda rikici ya koro daga Borno ko Zamfara ko Katsina ko Sakkwato. Akwai waɗanda gobara ko rusau ko ruwa ya raba da muhalli, kamar yadda ya faru a Maiduguri a watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Ga matar da aka saka ba ta da inda za ta nufa, ga tsohon da nasa suka ƙare, ga mai taɓin hankali, ga yaron da ya gudu daga gida ko daga tsangaya, ga wanda shaye-shaye ya raba da danginsa, ga matafiyin da aka yanke wa aljihu a tasha. Kowannensu da irin taimakon da ya dace da shi. Ɗan ci-rani ba ya buƙatar ku mayar da shi gida, kuma bargo ba zai warkar da mai taɓin hankali ba.

A da, zaure ke rufa wa irin waɗannan asiri. Baƙo ya sauka a wurin mai unguwa, ko ya shimfiɗa buzu a masallaci. Yanzu zaure ya koma shago, gidaje sun koma masu geti, masallatai da yawa ana garƙame su bayan isha'i saboda sata da sha'anin tsaro. Wannan gurbin ne ku ke ƙoƙarin cikewa, kuma ba ƙaramin gurbi ba ne.

Abin da za ku tanada

- Mutane uku zuwa shida, ba fiye ba a fita ɗaya. Dole a samu mace a ciki. In da hali a samu ma'aikacin lafiya, da mai jin Kanuri ko Fulfulde idan wurin na da masu magana da su.
- Littafi mai bango mai kauri da biro. Shi ne kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci.
- Tocila, waya mai cikakken caji, safar hannu, takunkumi, sabulu.
- Akwatin taimakon gaggawa: auduga, bandeji, filasta, aidin, farasitamol, garin ORS.
- Na sanyi: bargo, rigar sanyi, safa, hula, tabarma, da man shafawa irin su basilin ko man kaɗanya saboda kaushi da faso. Na damina: tamfol da gidan sauro.
- Audugar mata, silifa, da tufafin da ku ma za ku iya sawa. Tsumma ba sadaka ba ce.
- Lambobin waya a rubuce: mai unguwa, ofishin 'yan sanda na yankin, asibiti mafi kusa, hukumar agajin gaggawa ta jiha, lambar gaggawa ta 112, da wani mai adaidaita sahu da kuka amince da shi wanda zai fito ko da tsakar dare.

1. Ku fara da masu wurin

Kafin ku taka ko'ina, ku je wurin mai unguwa ku gabatar da kanku. Daga nan liman, shugaban 'yan sintiri, da DPO. Idan tasha ce, shugabannin 'yan yuniyon. Idan kasuwa ce, sarkin kasuwa da masu gadi. Mutum biyar da tocila suna leƙa masu barci da ƙarfe sha ɗaya na dare, babu wanda ya san da su, ɓarayin yara za a ɗauke su, kuma a zamanin nan ihu ɗaya ya isa a yi asarar rai. Bayan haka, waɗannan mutane sun san abin da ba ku sani ba. Mai shayi da mai gadi sun san wanda ya kwana biyu bai tashi ba, da wanda ya zo jiya, da wanda ke zaluntar sauran.

Makafi da guragu da kutare kuwa suna da sarakunansu da tsarinsu tun kaka da kakanni. In za ku yi hulɗa da su, ku bi ta nan. Haka kuma ku bincika ko akwai masu aikin a wurin tuntuni, kamar 'yan agajin ƙungiyoyin addini ko Red Cross ko wata coci. Shiga cikin aikin da ya kafu ya fi buɗe sabuwar ƙungiya mai tambari da rigar yunifom.

2. Ku zaga hannu rabbana

Fitar farko da ta biyu, kada ku ɗauki komai. Ku je ku gani. Lokacin da ake gane mai kwana a waje shi ne bayan kasuwa ta watse, ko kafin kiran assalatu. Wanda ke bara da rana a danja sau da yawa yana da ɗakin da yake komawa. Wanda ba shi da shi kuma mai yiwuwa da rana yana can yana dako, ba za ka taɓa zaton komai ba. In kun raba kaya da tsakar rana, mabarata kuka raba wa, ba marasa makwanci ba.

Ku ƙirga: maza nawa, mata nawa, yara nawa, ina suke samun ruwa, ina suke kewayawa. Ku zaɓi wuri ɗaya ku tsaya a kai. Masu son zaga gari duka a dare ɗaya ba sa sanin kowa.

3. Gaisuwa, tambaya, da rubutu

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi kwafsawa. Tabarmar da mutum ya shimfiɗa ita ce ɗakinsa. Ku yi sallama daga nesa kaɗan. Kada ku haska masa tocila a fuska, kada ku taɓa mai barci, domin wanda ya saba a tashe shi da duka ko a laluba masa aljihu zai farka ne da faɗa. In yana barci, ku bar shi, ku dawo. In idonsa biyu, mutum ɗaya ya durƙusa daidai da shi, sauran su ja baya. Babba a ce masa Baba ko Malam, dattijuwa Inna ko Iya, tsara a ce ɗan'uwa. Ku gaisa sosai, a tambayi sanyi da gajiya, ku faɗi sunanku da unguwarku kafin ku nemi nasa.

Ranar farko ba ranar "me ya kawo ka nan?" ba ce. Tambayar tana da ciwo, kuma wanda bai san ku ba zai ba ku labarin da ya ga yana kawo sadaka ne, ba na gaskiya ba. Ku tambayi abin da ya fi damunsa a yanzu. Amsar takan ba da mamaki: wani reza da sabulu yake so, wani so yake a kira masa ƙaninsa a waya, wani baronsa aka ƙwace. In mutum ya ce ba ya so, ku yi masa sai da safe. Yana da wannan 'yancin.

Littafi kuma kada ku zaro shi a gabansu tun ba su saba da ku ba. Tun da gwamnatin Kano ta haramta bara a titi a 2020, ake kame lokaci zuwa lokaci, saboda haka biro da takarda a wurinsu alamar motar kame ce ke tafe. Idan an saba, ku faɗa masa dalilin rubutun, ku nemi izininsa: suna, gari, sunan wani ɗan'uwa da lambarsa, ciwon da ke damunsa, da abin da ya iya na sana'a. Littafin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ba na nuna wa 'yan jarida ba ne, ba na miƙa wa ɗan siyasa ba ne.

Batun hoto, ra'ayina a kai mai tsauri ne: a bar shi. Na san hujjar, wai masu ba da kuɗi na son shaida. To ku ɗauki hoton barguna a tare, da rasit, da hannuwan masu ɗauri. Fuskar dattijo yana karɓar leda za ta iya isa ƙauyensu ta Facebook kafin gari ya waye, 'ya'yansa da surukansa su gani. Matar da ta gudo daga mai dukanta kuma, hotonku ne zai nuna masa inda take. Izinin da mai jin yunwa ya bayar alhali abincin na hannunka, ba izini ba ne.

4. Ku yanke abin da za ku iya ɗorewa a kai

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Koko da ƙosai ga mutum ashirin kowace Asabar har shekara ta zagayo ya fi buhu hamsin na rana ɗaya. Ku sa rana da lokaci, ku riƙe su ko ana ruwa. Dalili shi ne mutum na iya fasa fita neman na abinci saboda kun ce za ku zo. Kada bakinku ya furta "za mu sama maka ɗaki" sai makulli na aljihunku. Ku ce "za mu bincika, ranar Asabar za ka ji abin da muka samo", ku kuma zo da amsar ko da babu ce.

5. Yadda ake rabo

Taro shi ne babban haɗari. A watan Maris na 2024 an rasa rayuka a Bauchi wajen turmutsutsun karɓar zakka. A Disambar shekarar, cikin 'yan kwanaki, sama da mutum 60 suka mutu a wuraren rabon abinci da kyauta a Ibadan da Okija da Abuja, da yawansu yara. Duk masu shiryawa alheri suka nufa. Saboda haka kada ku yi shela a rediyo ko a waya, kada ku tara mutane a bayan ƙofa ɗaya, kada ku raba daga kan mota, kada ku jefa komai. Ku ajiye motar nesa, ku ɗauki kaɗan-kaɗan, ku bi kowa har shimfiɗarsa. Tsofaffi da mata da marasa lafiya su ne farko. In kun ga jama'a sun fara ninka kayan da ke hannunku, ku dakata ku janye tun kafin a fara ture-ture.

Dafaffen abinci ya fita da zafinsa, kuma kada ya wuce awa biyu bayan an fitar da shi daga kula. Wanda ba shi da banɗaki, gudawa a gare shi ba ƙaramar masifa ba ce. Ragowar abincin biki da ya kwana, ku ba shi haƙuri. Ga mai tsallake dare, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, dabino da burodi sun fi shinkafa amfani, domin za su kai gobe. Ku tuna tsofaffi da yawa ba su da haƙora. Ku kwashe ledojinku kafin ku tafi, in ba haka ba da safe mai shago a kan masu kwana zai huce.

Bargo: a Kano sanyin asuba a Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, ga iska, ga siminti da ke zuƙe ɗumin jiki. Abin shimfiɗa, ko da kwali ne a ƙarƙashin tabarma, yana da muhimmanci kamar abin rufa. Ku raba tun a Nuwamba. Sabon bargo mai tsada a cikin jakarsa, ko a sace shi ko a sayar; ku sayi matsakaici ku cire ledar. In ma kun tarar an sayar, ba abin zagi ba ne, wata buƙatar ce ta fi sanyi ƙarfi a ranar. Ku tambaya ku ji wace ce.

Kuɗi a hannu kuwa, ku daidaita a tsakaninku tun a gida. Mu mun fi son mu biya abin kai tsaye: kuɗin wanka a gidan wanka, katin asibiti, kuɗin mota a hannun direba. In ɗayanku na bayarwa a ɓoye, sauran za su zama marowata a idon mutane, kuma labari zai bazu cewa kuna yawo da kuɗi da dare.

6. Lafiya: ku san iyakarku

Ku ba likitoci ba ne. Wanke ciwo da ɗaure shi, wannan kuna iyawa. Allura da maganin ƙwayoyin cuta, a'a. Mai amai da gudawa a fara masa ORS nan take. In babu na leda, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu, sannan a nufi asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da zufar dare, a kai shi gwajin tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma maganin na wata shida ne, kuma wanda ya ji sauƙi ya yanke a tsakiya ciwon kan dawo masa da taurin kai. A nan amfaninku yake, ku zama masu tuni da rakiya. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi, ko mutum ya faɗi ba ya amsawa, babu jira. Ku gargaɗi masu kunna gawayi a cikin kango ko shagon da aka rufe ruf, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma a cikin barci take kisa.

Mai taɓin hankali kada a kewaye shi, kada a yi masa gardama a kan abin da yake gani, kada a bar yara su bi shi da tsokana. Ku nemi danginsa, ku nemi asibitin ƙwaƙwalwa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, akwai kuma a Maiduguri. Sarƙa da mari ba magani ba ne. Kowa ya tuna abin da aka gani lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. Wanda ya bugu kuma, ba lokacin wa'azi ba ne. Ku kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, ku dawo masa da safe.

Wata rana za ku tarar da gawa. Kada ku ɗaga ta. Ku kira mai unguwa da 'yan sanda, sannan ku buɗe littafinku ku nemi dangi.

7. Mata da yara

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: mace ce za ta yi magana da mace, a gefe, ba a gaban maza ba. Namiji a cikinku kada ya keɓe da mace ko yaro, kada ya karɓi lambarta don kansa. Wanda ya karya wannan a sallame shi, ko shi ne ya fi kowa kawo kuɗi. In an yi wa wata fyaɗe, a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki.

Kada ku ɗauki yaro ku kai gidanku, komai tausayi. Ku bi ta mai unguwa da 'yan sanda da ma'aikatar harkokin mata, wadda gidajen yara irin na Nasarawa ke ƙarƙashinta. In kun ji ƙanshin safarar mutane, NAPTIP ce mai aikin. Almajiri kuwa yana da malami. Ku je tsangayar ku gaisa, ku ga makwancin yaran. Sau da yawa rufin kwano da tabarmi da maganin ƙazuwa a can sun fi duk abin da za ku miƙa a titi.

8. Hanyar fita

Manufar ita ce mutum ya bar titi, kuma hanyoyin ba su da yawa. Ta farko komawa gida. Kafin ku biya kuɗin mota, ku kira dangi, ku ji ko za a karɓe shi, ku ji abin da ya fito da shi. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa sun kwashi almajirai a motoci sun mayar da su jihohinsu. Da aka buɗe gari, yara suka sake cika titi, domin abin da ya fito da su na nan. Wanda ya gudo daga harin 'yan bindiga ko daga duka, mayar da shi ba taimako ba ne. In an daidaita, ku raka shi tasha, ku damƙa shi ga direba, ku kira bayan kwana biyu, ku sake kira bayan wata guda.

Ta biyu aiki. Baro, kura da jarkoki, akwatin gyaran takalmi, ko a haɗa shi da mai gareji ko mai gidan burodi. Abin da ke hana a ɗauke shi yawanci rashin wanda zai ce "na san shi" ne. Kada ku tsaya wa wanda ba ku sani ba, domin in ya ɓata, ƙofar ta rufe ga na bayansa. Ku raka shi ya yi rajistar NIN, tunda babu layin waya ko asusun banki sai da ita.

Ta uku ɗaki. Masu gida kan nemi kuɗin shekara a dunƙule, kuma nan ne zakka ta fi dacewa. Ku kai takamaiman suna da buƙata ga Hukumar Zakka da Hubusi, ko ga mai hali na unguwa. Attajiri ya fi saurin amsa "dattijo kaza, ɗaki kaza, kuɗi kaza" fiye da "a taimaka wa marasa galihu". Amma ku tambayi kanku wa zai biya na baɗi. Wasu za su koma titi bayan duk wannan wahala; ku ci gaba da gaishe su kamar da.

9. Lissafi da miƙa aiki

Mai karɓar kuɗi daban, mai kashewa daban, kowane wata a karanta lissafi a gaban kowa. Kada gudummawa ta riƙa shiga asusun mutum ɗaya. In aikin ya girma, ku yi rajista da CAC ku buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Idan zaɓe ya matso za a zo muku da shinkafa mai hoton ɗan takara. Ranar da kuka raba ta, rabin unguwa sun daina ba ku, kuma bayan zaɓe ba za ku sake ganin mai hoton ba.

Ku yi karɓa-karɓa don kada gajiya ta kwantar da mutum biyun da ke ɗauke da komai. Wanda zai yi tafiya ko zai daina, ya faɗa tun da sauran mako biyu, ya ɗauki wanda zai gaje shi ya kai shi wurin, ya gabatar da shi ga mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna masa a littafi wanda ke kan magani da ranar komawarsa asibiti.